Furen da Ya Ƙi Zaman Kano

Baffa Tanimu ne ya kawo shi,
cikin gwangwanin madara da aka huda wa gindi,
ranar da ya sauko daga Gembu da lodin ganyen shayi,
motarsa na huci kamar san da ya wuni a huɗa.
Ya ce, "Riƙe a hankali, Ladingo,
wannan ba ɗan gari ba ne."

Bai kai tsawon ɗan yatsana ba.
Ganye biyu-biyu suna kallon juna,
a sama ɗan ƙoƙo mai baki biyar,
shuɗi.
Ba shuɗin bula ba,
ba na rigar makarantarmu ba.

Na kai shi marinar Ƙofar Mata,
wurin kakana, wanda baba ya rine wa hannu har gwiwa.
Ya juya gwangwanin, ya sake juyawa,
zanen da ya tsamo ya gama ɗiga bai ce komai ba.
Can ya ce, "Karofin da aka tsoma wannan
ba mu muka haƙa shi ba."

Na tambayi Baffa sunansa.
Ya ce wani makiyayi ya faɗa masa,
iska ta kwashe rabi,
gargadar hanya ta zubar da sauran.
Amma gidansa, ya ce, ba ya ɓata:
sama da inda mota ke roƙon giya ta ɗaya,
inda gajimare ke bi ta ƙarƙashin ƙafarka,
ciyawa gajeriya, ƙasa na tsatsafo,
ruwa na sa haƙori tsami.
A sawun kofaton shanu yake tsirowa.
Rana ta leƙo, ya buɗe,
hadari ya gifta, ya rufe bakinsa.
Saiwarsa ta fi maɗaci ɗaci.
Ka gangaro tafiyar awa guda,
ko da fitila ba ka ƙara ganinsa.

Ni kuwa na rantse sai ya zauna.
Na ajiye shi a bayan randa
inda guminta ke jiƙa ƙasa.
Kuɗin tarata na saya masa ƙanƙara
a gidan Hajiya Turai mai firiji,
in an kawo wuta.
Na yi masa rumfa da jiƙaƙƙen buhu.
Bazara ce, ko ƙadangare neman inuwa yake.

Safiya biyu ya buɗe mini.
Ta uku ya dunƙule
kamar baƙon da ya ɗaure kayansa tun dare
yana jin nauyin yin sallama.

A gindin badala kuwa tumfafiya na nan,
ba mai ba ta ko kurɓi,
ta yi kore shar, tana ta 'ya'ya.
Na jefe ta da hoge.
Ita me ta yi?

Shekara talatin ke nan.
Baffa ya riga mu,
motar ta tafi Ƙofar Ruwa gunduwa-gunduwa.
Furen na cikin littafin bashin shagona,
tsakanin sunayen waɗanda ba za su biya ba.
Launin ya koma ruwan toka.
Saiwar dai, na taɓa ɗora ta a harshe:
ɗacin bai tsufa ba.

Jiya 'yata ta nuna mini a wayarta
wasu masu kama da shi,
a duwatsun ƙasashen sanyi,
da suna dogo kamar layin mai.
Na ce wataƙila dangi ne.
Kowa da tudun da ya san shi.

Ban taɓa hawa Mambila ba.
A Kantin Kwari nake, tsakanin diloli.
In mace ta ce, "Shuɗi nake so,"
sai in sauko mata da bakwai,
ta zaɓa, ta taya, mu daidaita.
In ta tafi, in daɗe ina ninke sauran.